Wa Zai Riƙe Tsoho, Gwamnati ko Jama'arsa?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana wahal da alƙalai da masu yin doka, ina so yau mu zauna mu auna ta tare da ku, 'yan makaranta, gama ko ba jima ko ba daɗe za ta iske waɗansunku. Ga tambayar. In wata jama'a ta addini ta ce ita za ta riƙe tsofaffinta da marayunta da gajiyayyunta, ba ta bukatar ko anini daga hannun Gwamnati, shin daidai ne a tilasta mata biyan kuɗin fansho kamar kowa? In kuwa Gwamnati ta ɗauke mata biyan, me ya hau kanta? Zan kawo muku misali uku, dukansu daga ƙasar Amurka, domin can an sha kai wannan magana gaban shari'a, an kuwa rubuta yadda aka yanke.

Da fari sai mu rarrabe abu biyu da a kan gama su a baki. Haraji shi ne abin da mutum ke bayarwa domin aikin da ya shafi kowa, kamar hanya da makaranta da 'yan sanda, wanda ya biya kuwa ba ya sa rai a mayar masa. Kuɗin fansho ajiya ce ta tilas. A kan yanki kaɗan daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa, a zuba cikin asusu guda, ran da ƙarfi ya ƙare a riƙa ba shi abin kashewa wata wata. A Amurka Shugaba Roosevelt ne ya sa hannu a wannan doka cikin 1935, bayan fatarar da ta auka wa ƙasar tun 1929 ta bar tsofaffi da yawa ba abin kai wa baka. Tsarin ya yi kama da adashin da ba ya ƙarewa: abin da masu ƙarfi suka zuba bana shi a ke raba wa tsofaffin bana, su kuma su jira na bayansu su zuba musu. Saboda haka in masu zubi suka shiga zarewa, tsohon da ke jiran kwasa shi zai kwana da yunwa. Ku riƙe wannan, gama shi ne ƙarfin hujjar Gwamnati.

Misali na fari na waɗansu Kiristoci ne da a ke kira Amish, mu ce da su Amishawa. Asalinsu daga wajen Suwizalan ne, inda suka ware cikin 1693 ƙarƙashin wani malaminsu Yakubu Amman, daga baya suka ƙetare teku suka zauna a jihar Fensilbaniya. Mutane ne masu gudun ƙawar duniya. Da dawaki su ke huɗa, a keken doki su ke tafiya, ba su jawo wutar lantarki ta gari cikin gidajensu. Ba su kuwa ƙin haraji. Suna biyan na abin da suka samu, da na gona da gida, har da na makarantun Gwamnati, alhali yawancinsu makarantun kansu su ke kai 'ya'yansu. Amma da aka shigar da manoma cikin dokar fansho a 1955, sai suka ce nan fa ba za su iya ba. Suka ce wannan ko an kira shi haraji, inshora ce, watau sayen lamuni domin ranar tsufa ko ciwo, su kuwa a addininsu riƙon tsoho farilla ne a kan 'ya'yansa da ikilisiyarsa. Sukan kafa hujja da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, inda aka tsananta wa mutum kula da mutanen gidansa. Suka ce ran da tsohonsu ya fara miƙa wa Gwamnati hannu, ran nan zumuncinsu zai fara sakewa.

Ba kuwa a baki kaɗai su ke faɗi ba. In uba ya tsufa ya kan bar wa ɗa gona, ya koma wani ɗan gida da a kan gina masa jikin babban gidan, yana ganin jikokinsa safe da yamma. In gobara ta cinye wa wani rumbu sai a yi gayya a tsai da wani cikin 'yan kwanaki. In kuɗin asibiti ya fi ƙarfin mutum, ikilisiya ta tattara ta biya.

Waɗansunsu suka ƙi zubi, bashi ya taru. Ran 18 ga Afrilu 1961 wani manomi, Valentine Byler, yana cikin huɗa a gonarsa kusa da garin New Wilmington, sai ga ma'aikatan haraji. Ana bin sa dala 308 da senti 96. Suka kwance dawaki uku suka tafi da su, aka yi gwanjonsu da kayan huɗarsu a kan dala 460, aka cire bashi da ɗawainiyar gwanjo, aka mayar masa da dala 37 da senti 89. Labari ya bazu cikin jaridu, mutane da yawa suka ji kunya, suka ce yaya za a raba manomi da dawakinsa a tsakar huɗa wai don a tanadar masa abin da zai ci in ya tsufa?

Shugabannin Amishawa suka yi ta safa da marwa zuwa Washinton, har Majalisar Dokoki ta saurare su. Cikin dokar da Shugaba Johnson ya sa wa hannu ran 30 ga Yuli 1965 aka ɗauke wa masu sana'ar kansu daga cikin irin waɗannan jama'u biyan kuɗin. Amma ku dubi sharuɗɗan da aka gindaya. Sai jama'ar ta kasance tana nan tun ran 31 ga Disamba 1950, don kada wani ya ƙago addini da dare saboda gudun biya. Sai an tabbata ta daɗe tana riƙe gajiyayyunta riƙo na kirki. Sai kuma shi mai neman ya sa hannu da kansa, ya yarda ya yafe duk abin da asusun zai ba shi. Watau Gwamnati ba kyauta ta yi musu ba. Ta sauke kaya daga kanta ta aza musu, suka kuwa ce sun ɗauka.

Magana ba ta ƙare nan ba. Wani Ba'amishe, Edwin Lee, manomi kuma kafinta, ya ɗauki 'yan'uwansa aiki, bai zuba musu ba daga 1970 zuwa 1977. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, cikin 1982 alƙalai suka ce sun yarda da gaske ya ke yi, sun kuma yarda biyan ya saɓa wa addininsa, amma duk da haka sai ya biya. Dalilinsu biyu ne. Na ɗaya, in kowa zai zaɓi abin da zai biya bisa ga abin da zuciyarsa ta natsu da shi, gobe mai ƙin yaƙi zai ce a cire masa rabon soja daga harajinsa, daga nan ba sauran baitulmali. Na biyu, mutum na da iko ya ƙuntata wa kansa saboda addininsa, amma in ya ɗauki wani aiki ba shi da iko ya yafe hakkin wannan ma'aikaci a madadinsa. Cikin 1988 Majalisa ta sassauta, ta ce in mai aikin da ma'aikacin duka 'yan jama'ar ne, kowannensu kuma ya nema da kansa, to, a ɗauke musu. Ku lura, har a nan ba a bar wani ya yafe wa wani ba.

Me ya sa Amishawa suka iya cika alkawarinsu? Domin suna da abin cikawa. Suna da ƙasa da sana'a, suna da haihuwa, gida ɗaya 'ya'ya biyar ko shida ko fiye, cikin goma kuwa takwas ko fiye kan zauna cikin jama'ar in sun girma. A 1900 ba su wuce wajen 5,000 ba, a 2020 sun haura 350,000. Kowane tsoho yana da hannuwa da yawa ƙarƙashinsa. Duk da haka akwai wurin da ɗakin ke yoyo, shi ne wanda ya bar jama'ar da furfura. Dokar ƙasar ta ce sai mutum ya yi zubi na kamar shekara goma kafin ya cancanci fanshon tsufa, wanda ya fita a makare kuwa sai ya fara ƙirga daga farko.

Misali na biyu na 'yan mishan ne sosai, watau sistocin Katolika na Amurka, matan da suka ɗauki wa'adin zaman talauci da ƙin aure, suka ba da ransu ga koyarwa da jinya. Su suka riƙe dubban makarantu da asibitoci da gidajen marayu a ƙasar. Abin da a ke ba su ɗan alawus ne wanda bai kai albashin malami ba, shi ma ba ya shiga aljihun sista, asusun ƙungiyarta ya ke tafiya. Tun da ya ke doka ba ta lissafa su cikin masu albashi ba, ba su shiga asusun fansho ba, su ma kuwa ba su damu ba, gama lissafinsu irin na Amishawa ne: matasa su yi aiki su ci da tsofaffi. A 1965 sun kai wajen 180,000, lissafin kuwa yana tafiya daidai.

Sai zamani ya juya. Da yawa suka fita, masu shiga suka ragu, har a 2020 ba su kai 45,000 ba, mafi yawansu kuwa tsofaffi. Ba'amishe na haifar wanda zai riƙe shi, sista kuwa sai ta jira wata ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofa. Cikin 1972 Majalisa ta buɗe wa ƙungiyoyinsu hanyar shiga asusun fansho, har aka yarda su biya na shekara biyar baya. Amma da ya ke ba su da albashi, sai aka ƙiyasta kuɗin abincinsu da tufafi da wurin kwana aka mai da shi kamar albashi, zubi ya zama kaɗan, kwasa ta zama kaɗan. Cikin 1986 jaridar Wall Street Journal ta fito da labarin halin da tsofaffin sistoci ke ciki, mutane suka kaɗu. Daga 1988 bishop-bishop na ƙasar suka sa a riƙa tara musu gudummawa cikin majami'u shekara shekara.

A nan ba wanda ya ci amanar wani da gangan. Kowace sista da yardarta ta shiga, ta san abin da ta yafe. Amma iyayen da suka sami makaranta mai arha shekara da shekaru, arhar nan daga ina ta fito? Daga fanshon da ba a ajiye wa malamar ba. Ashe gudummawar da a ke tarawa ba sadaka ba ce tsantsa, da biyan bashi a ciki. Ga kuma wani darasi: niyya mai kyau ba ta tsai da lissafi. Jama'ar da ta jingina tsufanta ga waɗanda ba su zo ba tukuna, ya kamata ta tambayi kanta me za ta yi in ba su zo ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Misali na uku shi ya fi ciwo. Banda asusun Gwamnati, kamfanoni da asibitoci na Amurka kan yi wa ma'aikatansu alkawarin fansho na daban. Da kamfanin motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa cikin 1963, dubban ma'aikata suka rasa mafi yawan abin da aka alkawarta musu, sai a 1974 aka yi doka ta tilasta wa masu irin wannan asusu su riƙa cika shi, su bar a duba littattafansu, su kuma biya inshora ga wata hukuma da za ta tsaya wa ma'aikata in asusun ya karye. Amma aka keɓe asusun ikilisiya, don gudun kada Gwamnati ta riƙa leƙa littattafan gidan ibada. A 1980 aka faɗaɗa keɓewar ta haɗa da asibitoci da makarantu masu jingina da ikilisiya, a 2017 kuwa Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka.

To, a garin Schenectady na jihar Niyu Yok akwai wani asibitin Katolika mai suna St. Clare's, wanda asusunsa ya shiga wannan keɓewa. An rufe asibitin a 2008, Gwamnatin jihar ta ba da dala miliyan 28 da rabi don a toshe giɓin asusun, amma bai isa ba. Cikin 2018 aka rubuta wa tsofaffin ma'aikata fiye da 1,100, aka gaya wa waɗansu an rage musu, aka gaya wa fiye da rabinsu ba za su sami kome ba. Babu kuwa hukumar da za ta tsaya musu, domin ba a biya inshorar ba. Suka kai ƙara a 2019, babbar lauyar jihar ita ma ta kai ƙarar hukumar ikilisiyar Albani a 2022, hukumar kuwa ta amsa da cewa asibitin mai zaman kansa ne, ba ita ke riƙe da asusunsa ba. Ko wane ne ya yi nasara a irin wannan shari'a, ba mai mayar wa tsohuwa shekarun da ta yi tana jira.

Su wane ne waɗannan mutane? Masu jinya ne, da masu shara, da masu dafa abinci, da akawuna. Ba su ɗauki wa'adin talauci ba, waɗansunsu ma ba addininsu ɗaya da masu asibitin ba. Aiki suka zo yi don su ci da iyalinsu. Rangwamen da aka yi domin girmama addini bai shiga aljihunsu ba, amma hasararsa a kansu ta sauka. Wannan shi ne abin da alƙalai suka hana Edwin Lee a 1982, watau yafe hakkin wani a madadinsa, sai ga shi ya shigo ta wata ƙofa.

In muka jera misalan nan uku, ni a ganina amsar tambayarmu ta fito. Daidai ne Gwamnati ta ɗauke wa jama'ar addini wani nauyi saboda girmama imaninta, amma abin da aka ɗauke bai ɓace ba, ya zama bashi a kanta. Haka ya ke ko a wajen haraji. Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a 1970 cewa ana iya ɗauke wa gidajen ibada harajin fili da gini, amma hanyar da ta bi ta ƙofarsu da kuɗin maƙwabta a ke gyaranta, maƙwabtan kuwa suna da hakkin su ga amfanin da ya sa aka yi rangwamen. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Akwai ma'auni uku da za ku auna kowane irin rangwame da su. Na fari, wanda za a cire daga inuwar doka shi ya yarda da bakinsa, yana sane da abin da ya yafe? Na biyu, jama'ar tana da abin cika alkawari a hannu, akwai kuma wanda ke dubawa banda mai riƙe da mabuɗi? Na uku, me aka tanadar wa wanda ya fita, ko wanda ya ragu bayan jama'ar ta watse? Amishawa sun ci na fari da na biyu. Sistoci sun ci na fari, zamani ya kayar da su a na biyu. Ma'aikatan asibitin nan ba a auna musu ko ɗaya ba.

Wani zai ce, to, me zai hana a soke rangwame duka, doka ta zama ɗaya ga kowa, a huta? Maganarsa da nauyi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, asusun ƙasa kuwa sai da kowa. Amma ya tuna da dawakin Byler. Me ƙasa ta ƙaru da shi ran nan, banda dala 308 da abin kunya? Akwai hanya mai sauƙi ta gane mai gaskiya daga mai wayo. Mai wayo so ya ke kada ya zuba amma ya kwasa, mai gaskiya kuwa ya ƙi zubi ya kuma ƙi kwasa, ya ɗauki wahalar a kansa. Gwamnatin da ba ta iya rarrabe waɗannan biyu ba, ƙarfi kaɗai gare ta, da saura wajen adalci.

Wani kuma ta ɗaya gefen zai ce, ai aikin Allah ba a yi masa lissafin akawu, tanadi ma raunin imani ne. Sai mu tambaye shi, manomin da ya dogara ga Allah ya kan ƙi gina rumbu? Amishawan nan da suka ƙi inshora, sau biyu a shekara su ke tara kuɗin taimakon gajiyayyu, akwai kuma dattijon da aka ɗora wa kula da shi. Mutum na iya zaɓa wa kansa talauci domin Allah, mu kuwa mu girmama shi. Zaɓa wa mai shara talauci ba da saninta ba, wannan ba ya cikin ibada, ko da wane suna aka kira shi.

Ku 'yan makaranta, nan gaba kaɗan waɗansunku za su zama malamai, waɗansu malaman asibiti, waɗansu akawuna, da yawa kuma za su yi aiki ƙarƙashin mishan ko wata ƙungiya ta addini ko ta taimakon jama'a. Ran da za a ɗauke ku aiki, kada kunya ta hana ku tambaya cikin ladabi: abin da a ke yanka daga albashina ina ya ke zuwa, wa ke riƙe da shi, wa ke dubawa? Shugaban kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Ran da kuma girma ya zo, mabuɗin asusu ya komo hannunku, ku tuna kowane layi na littafin nan abincin wani tsoho ne wanda ba shi da sauran ƙarfin neman wani. Alkawari kaya ne, wanda aka yi da sunan Allah kuwa ya fi kowane nauyi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.